Faranti Na Uku

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Malam Nehemiah ya ce ɗalibin kimiyya ya riƙa rubuta abin da idonsa ya gani kullum, ko da ƙuda ne ya faɗa masa a shayi. To ga shi na fara. Amma wannan littafin nawa ne, na lab daban yake, kuma ko ya mutu ba zai ga wannan ba.

Shi ne mai kula da lab ɗin kwalejinmu, mutumin Kaltungo, ɗan gajere, amma in ya buɗe murya sai ka ji hantarka ta kaɗa. Yau gwajin ruwa muka yi, biyu-biyu. Ya haɗa ni da Olaedo, na ji daɗi. Ibo ce, amma a unguwar Arawa, nan Gombe, aka haife ta, kuma wallahi ta fi ni iya zagi da Hausa.

Faranti uku ya ba mu, irin masu murfi, da wani abu ja kamar kunun da ya daskare a ciki. A na ɗaya za a ɗiga ruwan kwata, don mu ga yadda ƙazanta take tsirowa. A na biyu, ruwan da mutum ya kawo daga unguwarsu. A na uku, ruwan da aka dafa a tukunyar lab, wanda babu komai a cikinsa. Kwanturol suke ce masa. Malam ya ɗaga shi sama ya ce, "In wani abu ya tsiro a wannan, hannunku ne ya kai shi. Aikin duka ya lalace, sifili ne, ku sake daga farko."

Ni na kawo ruwan, daga bohol ɗin Baba Iro da ke bayan layinmu a unguwar Malam Inna. Tun ina yarinya ruwansa muke sha. Malam ya ce mu sa wa farantan harafi kawai, kada a rubuta sunan kowa. Haba! Wa ke kiran ruwa da harafi? A unguwarmu kowane ruwa da sunan mai shi ake kiransa. Na ɗauki alƙalamin maka na rubuta RUWAN BABA IRO ɓaro-ɓaro a murfin.

Bututun ɗiga ruwa uku aka ba mu, kowane faranti da nasa. Biyu suka gangara ƙasa lokacin da Olaedo take kwafar allo. Ni kuwa ba zan je Malam ya yi mini tsawa a gaban samarin nan ba. Na yi amfani da ɗaya, na fara da kwata, na ɗan ɗauraye shi a famfo, na ci gaba. Zafi kamar a gasa mutum, ni dai so nake in gama in fita.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Na riga Olaedo zuwa. Ni na buɗe akwatin ɗumin da aka kwantar da farantan.

Na kwata ya cika da ɗigo-ɗigo masu ruwan hoda. Na Baba Iro ma haka, sai dai bai kai shi ba.

Na uku yana cikin jakata, a leda biyu. Ba zan yi maganarsa ba. Na ɗauko sabo a firji na rubuta masa kwanturol, na ajiye a gurbinsa. Kowa yana yi. 'Yan aji biyu ma sun faɗa mana tun farkon zango, dafa sakamako suke ce masa, suna dariya. Ni ce zan ci sifili a kan bututu?

Olaedo ta zo ta ga na Baba Iro ta dafe ƙirji. "Fatiha, wannan kuke sha? Kashi ne fa a ciki!" Na ce mata ta rage murya. Ta ɗauki hoto.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Olaedo ta sa hoton a sitatus. Da sunan a jiki. Ta rubuta a ƙasa, mutanen Malam Inna ku yi hattara.

Na kira ta na zazzaga mata masifa, ta goge. Amma kafin azahar hoton ya shigo wayar Umma daga wata ƙawarta a Nasarawo, an ƙara masa cewa likitoci ne suka gano.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

'Yan ga-ruwa sun daina layi a bohol ɗin. Da, tun safe kurarsu ta tare hanya har acaɓa ba ya wucewa. Yau ko ɗaya babu.

Baba Iro ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Tsoho ne, ɗan Malumfashi, bohol ɗin nan shi ne duk abin da ya tara a Gombe. Wani ya gaya masa rubutuna ne. Na fita na durƙusa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

Ya ce, "'Yata, ni ban yi boko ba. Abin nan da kika gwada, gaskiya ne? In gaskiya ne in rufe yau, kada in ɗauki alhakin yaran mutane."

Na ce, "Baba, haka gwajin ya nuna."

Ya ce, "Babu kuskure?"

Na ce babu.

Ya sa mini albarka ya tafi. Na shiga ɗaki na ture kwanon tuwon da Umma ta ajiye mini, miya ta watse a tabarma. Ta ce wane aljani ne ya taɓa ni.

Juma'a, 9 ga Mayu, da safe

Baba Iro ya sa kwaɗo a famfunan da kansa.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Jaririyar gidan tela ta rasu. Gudawa da amai, kwana biyu. Ban san ruwan da suke sha ba. Ban sani ba. Yara suna gudawa kowace bazara, bara ma an yi. Ban sani ba.

A gidan gaisuwa mata suna ta miƙa wa juna waya. Wata ta nuna ni da baki ta ce, ga yarinyar da ta tona asirinsa nan, Allah ya yi miki albarka. Na tashi na bar takalmina ɗaya a can.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan azahar

Zan rubuta abin da na gani.

Wajen sha ɗaya na ji ihu. Na leƙa ta katanga. Samari sun fi talatin, wasu na unguwa, wasu ban taɓa ganinsu ba, da gorori da guduma. Suka fara da tankin. Ɗaya ya hau ya sare shi da gatari, ruwa ya yi ta kwarara har ƙofar gidanmu. Suka farfasa farantan sola, suka tumɓuke famfuna.

Baba Iro ya fito da carbi a hannu yana cewa ai ya rufe, ai tun Juma'a ya rufe, su duba kwaɗon. Wani ya buga masa gora a ƙeya. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya faɗi a cikin taɓon ruwansa, suka rufe shi da duka. Ya ɗaga hannu yana kare kansa, aka sauke masa guduma a hannun. Matarsa, Inna Lami, ta fito ba ɗankwali ta faɗa a kansa, ita ma suka shure ta.

Ina da baki. Tsakanina da su taku ashirin ne. Jakata tana rataye a ƙusa a bayana.

Sai da motar 'yan sanda ta shigo layin suka watse. An sa shi a keke mai ƙafa uku, kansa a cinyar Inna Lami, jini yana ɗiga daga gefen keken har kwana.

Litinin, 12 ga Mayu

Ban je makaranta ba. Na ce wa Umma kaina ke ciwo.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Yau aka koya mana rubuta rahoto. Manufa, kayan aiki, hanyar da aka bi, sakamako, tattaunawa. Malam ya ce a hanyar da aka bi, ka rubuta abin da ka yi, ba abin da aka ce ka yi ba, ta yadda wani a wani gari zai bi sawunka ya samu abin da ka samu. A sakamako, abin da ido ya gani kawai. Ra'ayinka ka ajiye shi sai tattaunawa, can ma kada ka faɗi abin da farantinka bai faɗa ba.

Ya ji labarin abin da ya faru a Malam Inna. Ya tsayar da ni da Olaedo a gaban aji ya wanke mu tas a kan sunan da hoton, har jijiyar wuyansa ta fito. Olaedo ta yi kuka. Ni ban yi ba. Da ya gama ya ce, "Amma in ruwan da ƙazanta, da ƙazanta. Kwanturol ɗinku ya fita fes?"

Olaedo ta ce fes, ta gani da idonta.

Ya kalle ni. Na ce fes.

Wani ɗan iska a baya ya ce, "Dokta Fatiha mai maganin tsofaffi." Ban san lokacin da na wurga masa kwalbar gwaji ba. Ta fashe a bango, ɓaraguzai suka yanke shi a kunne. An kore ni daga lab na yau.

Na zauna a ƙarƙashin bishiya na rubuta hanyar da aka bi. Na rubuta bututu uku, kowane faranti da nasa. Rubutuna ya yi kyau sosai.

Laraba, 14 ga Mayu, da safe

Jakar ta fara wari. Na mayar da farantin cikin tsohon gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gado. Me ya hana ni jefa shi a masai? Oho.

Alhamis, 15 ga Mayu, gab da magariba

Innalillahi.

Baba Iro yana da ɗa, Ɗan'azumi, direban tifa ne, yana Yola ranar da abin ya faru. Jiya ya dawo ya ga ubansa a asibiti. Bai nemi waɗanda suka yi dukan ba, sun yi masa yawa. Ya nemi mai sitatus.

Yau da rana ya je Arawa da abokansa huɗu, irin 'yan Kalaren nan masu adda a cikin riga. Baban Olaedo yana sayar da kayan babur a bakin titi. Suka watsa kayan, suka fasa gilashi, suka zuba fetur a ƙofa, Allah ya sa maƙwabta suka danne mai ashanar. Olaedo tana ciki tana taya babanta. Ta sa hannu ta tare addar da aka kai wa tsohon. Ɗinki goma sha ɗaya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu.

Na kira ta, ƙanwarta ta ɗauka, sannan ta ba ta. Muryarta can ƙasa. Ta ce, "Ƙawata, kada ki damu. Gaskiya muka faɗa, ko? Ko sun yanka ni, gaskiya ce."

Na ce e.

An ce an rufe shaguna a Arawa tun la'asar, kowa yana faɗin nasa, har an fara sa addini a ciki. Umma ta ce kada in leƙa ko zaure. Ni Ɗan'azumi bai zo wurina ba. An ce ubansa ne ya hana shi, ya ce ni 'yar gida ce.

Juma'a, 16 ga Mayu

Gaskiya muka faɗa, ko?

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Umma ta kwashe kayan ɗakin tana neman mushen ɓera. Na yi mata tsawa. Ni, Umma! Ta ɗaga hannu za ta mare ni, ta ga fuskata, ta sauke. Ta ce, "Ke, me kika yi?" Na ce ba komai. Ta ce to Allah ya sa.

Yanzu ruwa daga Nasarawo ake turo mana shi, sai rana ta take yake isowa, kuma launinsa ma ban yarda da shi ba.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai wa Malam.

Na jira kowa ya fita, na ajiye gwangwanin a kan teburinsa na buɗe. Warin ya sa ya ja baya. Abin ciki ya zama baƙi da kore, amma rubutuna yana nan a murfin, da kwanan wata. Na faɗa masa komai, bututun, famfon, firjin.

 Malam Nehemiah ya daki teburin da hannu biyu har kwalabe suka zube. "Sifili! A kan sifili ɗaya, Fatiha? Sifilin da za ki goge da aikin kwana biyu?" Ya ɗauki littafin lab ɗina ya maka shi a ƙasa. Ya ce shekara goma sha tara yana wannan aikin, ya san ana dafawa, yana kamawa yana hukuntawa, amma bai taɓa ganin wanda ya dafa da mutum a ciki ba.

Na ce ya kai ni wurin shugaban sashe a kore ni. Ya ce kora ai hutu ce, ba zan samu ba. Zan sake aikin, daidai, a gabansa, sannan in rubuta duka biyun a rahoto ɗaya, da hannuna.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Mun je tare a keke, da kwalaben da aka dafa. Inna Lami ce ta buɗe mana, ba ta san dalili ba, ta ɗauka gwamnati ce ta aiko mu. Aka jona janareto, ruwa ya fito ta karyayyen bututu. Malam ya sa na bar shi ya zuba minti biyar kafin in tara.

A lab ya karɓe kwalaben ya sa musu harafi a ɓoye, don kada in san wanne ne wanne. Kowane ruwa faranti uku. Na wanke hannu har gwiwa, na kashe fanka, na kunna wuta a gefena, kowane faranti da sabon bututu. Zufa tana shiga mini ido ban goge ba. Yana tsaye a kaina.

Aikin duka minti arba'in ne.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Kwanturol fes. Harafin da ya zama na Baba Iro, faranti uku, ko ɗigo ɗaya babu.

Na ce, "Malam, ke nan ruwansa lafiya lau ne tun farko."

Ya ce, "Ba ki nuna haka ba. Kin nuna ruwan jiya lafiya yake. Na ranar biyar ga wata babu wanda zai taɓa sani, ke kika kashe wannan amsar. Haka za ki rubuta."

Ko wanke Baba Iro ɗin ma ba zan iya yi gaba ɗaya ba. 

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Arawa. Shagon a rufe, bango ya yi baƙi inda fetur ya zuba. Olaedo tana kwance da hannu a naɗe. Na faɗa mata a tsaye.

Ta sa na maimaita. Sannan ta tashi ta mare ni da hannun hagu, mai lafiyar, har ɗankunnena ya fita. Ta ce, "Kin bar ni ina cewa na gani da idona! Kin bar ni ina alfahari da wannan!" Ta ɗaga mini hannun. Ta zage ni da Hausa, ta zage ni da yarensu, mamanta ta shigo ta riƙe ta.

Kafin in kai titi ta sa hoton sabbin farantan a sitatus, da bayanin komai, da sunana. Mutum goma sha huɗu suka gani. Babu wanda ya tura wa kowa.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe biyar

Na rubuta rahoton, shafi shida. Bututu ɗaya. An fara da kwata. An ɗauraye a famfo. Kwanturol na farko ya tsiro, an ɓoye shi, an sa wani a gurbinsa. Sau huɗu ina yaga takarda a wannan layin.

Na karanta wa Umma. Ta ɗauko mayafinta ta ajiye a bakin gado, ta ce gobe da safe za mu je wurin Baba Iro.

Asabar, 24 ga Mayu, bayan azahar

An sallamo shi, yana gida. Mun same shi a kan tabarma a tsakar gida, kai a naɗe, hannun dama a cikin filasta, yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Ɗan'azumi ba ya nan, yana hannun 'yan sanda tun ranar Arawa.

Na durƙusa na yi bayani. Na yi ta kewaye-kewaye da maganar faranti da bututu, ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni.

"'Yata, bar wannan, ba zan gane ba. Ranar da na zo ƙofarku na tambaye ki, kin sani?"

Na ce na sani, Baba.

"Ranar da suka zo fa?"

Na ce na sani.

"Kina gida?"

Na ce ina bakin katanga.

Inna Lami tana riƙe da kofin silba. Ta jefe ni da shi, ya same ni a goshi, ta biyo shi ta shaƙe ni da mayafina tana cewa ɗanta, mijinta, ɗanta. Umma ba ta hana ta ba. Shi ne ya ce, "Lami, sake ta." Sai da ya faɗa sau uku.

Na jira ya zage ni, ko ya ce ya yafe, ko ya ce bai yafe ba. Ya ce wa Umma, "Hajiya, na gode da kuka zo." Ya juya fuskarsa bango. Muka daɗe a durƙushe, bai juyo ba.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

An dawo mana da rahoto. Sha takwas bisa ashirin. Malam bai kalle ni ba da ya miƙo mini, ya ce shi ne rahoto mafi kyau a ajin, kuma kada in kuskura in ji daɗi.

Da na sauka daga keke na tarar da babbar mota a bayan layinmu. Ƙanen Baba Iro ya zo daga Malumfashi. An ɗora gado, da katifu, da buhunan kaya, da injin bohol ɗin da aka ciro daga rami. Mutanen unguwa suna tsaye a ƙofofinsu, har da waɗanda na gani da gora. Aka riƙo shi aka sa shi a gaba. Hannun ba zai ƙara riƙe komai ba, in ji likita.

Motar ta bi ta ƙofar gidanmu, don babu wata hanyar fita. Ina tsaye da takardar a hannu. Na ɗaga masa hannu. Ya gan ni.